Kwalbar Mai Lofe

"A hankali, Pauline! Ba galan ɗin manja kika ɗauko ba."

Pauline ta ƙara naɗe kwalbar da tsohon zanin marigayiya mahaifiyarta, ta nema mata gefe a jakar da take zuwa aiki da ita. Mahaifinta, wanda ake kira Da Chuwang, yana zaune a kujerarsa ta bakin taga, sanda tsakanin gwiwoyi, idonsa na bin hannunta duk inda ya yi.

"Kuma a tsaye za ki riƙe ta. Tun da ta shigo gidanmu ba ta taɓa kwanciya ba."

"Na ji, Baba."

"Kin ji, amma ga shi kin karkata ta."

Ta gyara mata zama.

Kwalbar nan ta girmi Pauline. Giyar inabi ce mai zaƙi ta ƙasar Fotugal, wadda Turawa ke kira fot. Kakanta, Da Gyang, ya yi wa wani Baturen kuza aikin kuku a Bukuru tun yana saurayi har furfura ta cika masa kai. Sunan Baturen ya gagari bakin mutane, sai suka laƙaba masa Mai Lofe. Ranar da Mai Lofe zai koma ƙasarsu, wannan kwalbar ce ya miƙa wa kukunsa ta sallama. Shi kuwa Da Gyang dattijon coci ne, ko ƙofar gidan burkutu ba ya bi, don haka babu wanda ya taɓa tunanin buɗe ta. Ya faɗa wa iyalinsa cewa irin wannan giyar ba ta sha ba ce, ta ajiya ce, tana tsufa tana tsada. Aka saya mata shogilas, aka kafa a falo daidai inda rana ke faɗowa, don duk baƙon da ya shigo ya gani. Kowace Kirsimeti a fito da ita, a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, a mayar.

Da mahaifiyarsu ta rasu, Pauline ta ɗauko Baba zuwa Amurka. Ya bar takalmansa na coci, ya bar littattafansa na tsohon malamin firamare, amma kwalba ta biyo shi a cikin rigunan sanyi. Ita dai Pauline ta san a cikin akwatin jirgi kwance ta yi, amma wa zai faɗa masa?

Yanzu ga shi mako mai zuwa za a yi masa aikin zuciya, kuma tsohon ya ƙi barin kowa ya huta sai ya raba abin da ya mallaka. Abin da ya mallaka ɗin ba shi da yawa. Gida ne a Bukuru, sai kwalba. 'Ya'yan ma biyu ne, Pauline da ƙanenta Joel da ke can gida.

"Zauna tukuna," ya ce. "Kin san abin da ya sa nake aiken ki. Gida na Joel ne. Ba ni na tsara ba, haka muka tarar, 'ya mace ba ta gadon gidan ubanta. Amma ba zan shiga ɗakin tiyata in bar ki ba ko allura ba. Ke kika ɗauke ni, ke kike wanke ni. Ki je wurin waɗanda suka san abin, su faɗa miki darajarta. Ina so in ji da kunnena cewa naki ya kai nasa."

"Idan suka ce bai kai ba fa?"

"Ya kai."

"Baba, idan bai kai ba?"

Ya murza kan sandarsa. Da ya yi magana, ba ita yake kallo ba.

"To sai in kira ƙannena, in ce a raba gida biyu. Su daina gaishe ni in sun ga dama. Joel zai kira da rana kafin su kwanta a can. A gabansa zan yanke magana, yau, ba gobe ba."

Pauline ba ta taɓa zaton za ta ji wannan daga bakinsa ba. Gidan da ake magana, ita ta cire masa ruɓaɓɓen kwano ta sa sabo. Ita ta haƙa rijiyar burtsatse, ita ta ja katanga a shekarar da gari ya rikice. Joel yana ciki da matarsa da 'ya'yansa, aikinsa turo hotuna da godiya. A can baya akwai wani ɗaki mai taga biyu da ke kallon duwatsu, kuma wannan ɗakin ta sa a ranta. Ta kusa hamsin. Aure ya mutu tun tuni, ba ɗa ba jika, gidan haya a Hyattsville, gwiwoyi sun fara ƙara idan ta hau bene. A gidan kula da tsofaffi na Lanham inda take aikin nas, duk ranar da ta juya majinyacin da ya ninka ta nauyi, wannan ɗakin take gani. Tana son sa ƙwarai, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa a gidansu ba.

Ta ajiye masa magungunansa da ruwa a kusa, ta rataya jaka ta fita.

Shagon giya na kusurwar layinsu ta fara nufa. Tun da ta zo unguwar take wuce shi, ba ta taɓa leƙawa ba. Sai da ta duba gabas ta duba yamma kafin ta tura ƙofar, don idan wata 'yar Zumuntar Matan cocinsu ta hango ta tana shiga nan da safe, kafin Lahadi an gama da sunanta. Mai shagon yana bayan gilashi mai kauri. Ta warware zanin kaɗan ta nuna masa, ta yi masa bayani da Turanci.

"Mu sayarwa muke yi, ba saye ba," ya ce.

"Ba sayarwa na zo yi ba. Tambaya ce. Tana da daraja?"

Ya ɗaga kafaɗa. Wani mutum da ke bayanta riƙe da gwangwanaye ya leƙo ta saman kafaɗarta.

"Buɗe ta kawai, mama, yanzu sai mu faɗa miki darajarta."

Suka kwashe da dariya su biyu. Pauline ta ji kunya ta lulluɓe ta tun daga kai har ƙafa. Ta fara naɗe zanin da sauri, sai mai shagon ya ɗan ji tausayinta. Ya ce akwai wani shago a cikin birnin Washington, ɓangaren masu kuɗi, su ne ke hulɗa da tsofaffin kwalabe. Ya nuna mata wurin a wayarsa ta jikin gilashi.

Ba ta ɗauki mota ba, don ta san neman wurin ajiye ta a can sai ya cinye mata yini. Ta shiga jirgin ƙasa na layin Green Line, ta zauna da jaka a cinya, hannu biyu riƙe da wuyan kwalba ta cikin zani. Duk sanda jirgin ya girgiza sai ta ƙara damƙewa. Ta rasa ma me za ta roƙa. Idan kwalbar ta yi daraja, Baba zai yi murna, ita kuma ɗaki ya tafi. Idan ba ta yi ba, ɗaki ya zo. Ta kama kanta tana fatan na biyun, ta ce, "Ubangiji ka gafarta mini," a fili, har matar da ke kusa da ita ta juyo.

Ta canja jirgi a tsakiyar gari, ta sauka, ta yi 'yar tafiya a ƙarƙashin manyan itatuwa.

Shagon ba ya kama da shago. Sanyi ne a ciki, haske kaɗan, ba kiɗa, ba hayaniya. Abin da ya fara tsaya mata a rai shi ne kwalaben da ke bangon ciki. Daga ƙasa har rufi, duka a kwance suke, kowace a raminta, cikin duhu.

Wata dattijuwar Baturiya mai gajeren farin gashi ta fito, ta ce sunanta Olive. Ta saurari labarin har ƙarshe ba ta katse ba. Sannan ta shimfiɗa tawul a kan tebur, ta sa tabarau, ta karɓi kwalbar da hannu biyu. Wannan karɓar ta yi wa Pauline daɗi. Aƙalla ba a yi mata dariya ba.

"Me ya sami takardar jikinta?"

"Gogewa muke yi. Kowace Kirsimeti."

"Da ruwa?"

"Da ruwa. Wani lokaci da ɗan sabulu."

Olive ta kunna wata 'yar fitila ta haska bayan kwalbar. Giyar ta sauka ƙasa da kafaɗa, kuma ba ja ba ce kamar yadda Pauline ta ɗauka duk rayuwarta. Ruwan ƙasa ce, kamar shayin da ya kwana.

"A ina take zama?"

"A falo. Cikin kabad na gilashi."

"Rana tana taɓa ta?"

"Sosai. Don a riƙa gani."

Matar ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Pauline ta san wannan cirewar. Ita ma haka take yi kafin ta yi wa dangin majinyaci magana.

"Ki faɗa mini kawai," ta ce. "Ni nas ce."

"To. Fot iri biyu ce, in taƙaita miki. Akwai wadda ake yi don ajiya. Ita ana rubuta shekararta a jiki, a toshe ta da doguwar toshiya da sai an sa ƙarfe ake cirewa, a kwantar da ita a wuri mai sanyi da duhu. Wannan tana iya girmar mutum tana ƙara kyau. Akwai kuma ta yau da kullum. Duba nan." Ta taɓa kan kwalbar. "Kin ga murfin yana da hula, da hannu ake zare shi a mayar. Kuma duba abin da ya rage na takardar, babu inda aka taɓa sa shekara. An yi ta ne a saya a shanye. Ranar da aka ba kakanki, ranar ce ta fi kyau. Tun daga nan baya take yi."

"To ko mu muka ɓata ta? Da ranar, da gogewar?"

"Da ta ajiya ce, da na ce kun ɓata ta. Wannan kuwa, ko a ina kuka ajiye ta, amsar ɗaya ce."

Pauline ta dafa tebur.

"Za a iya sha?"

"Ba za ta kashe kowa ba. Amma iska ta shiga, zaƙin ya mutu. Wanda ya kurɓa zai tofar."

"Tsufanta fa? Ta haura shekara hamsin. Ai akwai masu tara tsofaffin abubuwa."

"Akwai. Amma ba irin wannan ba. Ki yi haƙuri, ba za mu saya ba, kuma ban san wanda zai saya ba."

Kamar don ta sassauta, Olive ta je can ƙasan kanta ta ɗauko wata sabuwar kwalba mai irin hular, ta ce wannan ce 'yar'uwarta ta zamanin yanzu, in tsohon yana so ya ɗanɗana. Pauline ta kalli farashin. Bai kai kuɗin kifin da take saya wa Baba ranar Asabar ba.

"Ba mummunan abu ba ce, kin gane," in ji Olive. "A gidajen Turawan Ingilishi na da, irin wannan a kicin take zama. Da ita ake haɗa miyar nama."

"Kakana kuku ne," in ji Pauline.

Olive da kanta ta naɗe kwalbar a zanin, ta miƙa mata da hannu biyu kamar yadda ta karɓa.

A waje Pauline ta samu benci a tashar bas ta zauna. Haushi ne ya fara zuwa. Kai, wasu mutane ba su da ta ido! Mutum ya dafa maka, ya wanke maka, ya tsufa a gaban murhunka, ranar tafiya ka miƙa hannu a kantar kicin ka ɗauko abin da ya rage ka ba shi? Da Mai Lofe yana gabanta a lokacin, da ta manta ita 'yar Zumunta ce.

Bayan haushin sai wani abu ya biyo, wanda ya fi shi ciwo. Kaka ai shi ne mai kicin ɗin. Shi ke zare hular nan yana tsiyayawa a tukunya, shi ke cewa ta ƙare a sayo wata. Babu yadda za a yi a ce bai san abin da aka ba shi ba. Ya sani sarai. Ya karɓa, ya kawo gida, ya sayi shogilas. Ta tuna shi da farar rigarsa, yana tsaye a falo yana yi wa baƙi bayani, sai hawaye suka zubo mata a gaban mutanen da ke jiran bas.

Wayarta ta yi ƙara. Rumasa'u ce, abokiyar aikinta 'yar Kano, wadda suka yi musayar aiki da ita don ta samu wannan safiyar.

"Hajiya mai dukiya! An sayar? Nawa ne kasona?"

Pauline ta faɗa mata komai, tana jan hanci.

"Innalillahi," in ji Rumasa'u. "Kai, Baturen nan Allah ya isa. To amma tsaya, kukan me kike yi? Ni ba ruwana da giya, ban san kanta ba, amma gida na sani. Ba shi da bakinsa ya ce a raba ba?"

"Ya ce."

"To me ya rage? Ki je ki faɗa masa abin da aka faɗa miki. Ba ƙarya za ki yi ba, ba ƙwace za ki yi ba. Ke kika rufa gidan nan, Pauline. Ina kallon ki kina haɗa aiki biyu har kina gyangyaɗi a tsaye. Ko so kike ki tsufa a Hyattsville kina biyan haya, wata ta riƙa juya ki?"

"Zai ji ciwo."

"Zai ji, ya warke. Ke kuma in kika yi shiru, naki ciwon wa zai duba? Wallahi na san halinki. Kada ki je ki yi mini wannan tausayin naki na banza."

"Zan faɗa masa."

"Ki rantse."

"Mu ba ma rantsuwa."

"To ki yi abin da kuke yi ɗin."

Pauline ta yi dariya ba ta shirya ba. Ta share fuska ta tashi. A jirgin komawa ta yi ta juya maganar a bakinta har ta samu wadda ba ta da kaifi. Baba, sun duba, sun ce ba irin ta ajiya ba ce. Gajeriya ce, gaskiya ce, kuma haƙƙinta ne. Ta maimaita ta a tashar Fort Totten, ta maimaita ta tana hawa benen gidansu. Wannan karon jakar a kafaɗa take, tana lilo yadda ta ga dama.

Tun daga ƙofa ta ji muryarsa. Da ta shiga sai ta tsaya cak. Baba ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, har da laktaye. Ya yi aski da kansa, da hannun nan nasa mai rawa, ya yanke haɓa, ya manna 'yar takarda a wurin. Ya jingina waya a jikin kofi, fuskar Joel ta cika ta.

"Yawwa, ga ta nan! Joel ya riga ki. Kawo ta nan, kawo ta. Ba ki karkata ta ba dai?"

"Sannu, Yaya," in ji Joel. "Tun ɗazu Baba ya hana ni tashi."

Ta fito da kwalbar ta tsayar a kan tebur. Ta ja kujera. Ta buɗe baki.

"Tsaya," in ji Baba. "Kafin ki faɗa, akwai abin da ban taɓa gaya muku ba. Ina so ku san abin da za ku ji."

Ya gyara zaman laktayensa.

"A shekarar da Turawan kuza suka yi ta tafiya, kowa ya ga abin da ake ba ma'aikata. Kukun gidan manaja ya samu keken ɗinki da gado. Wani ya samu basukur, wani rediyo, wani har firiji. To ranar da namu zai tafi, ni ina saurayi, na je na ari amalanke a wurin wani mai itace. Na ce Babana ya fi su duka daɗewa, kayansa ba za su ɗauku a ka ba. Na tura ta har ƙofar gidan Mai Lofe, na tsaya. Mota ta fito, Baturen ya ɗaga mini hannu. Can sai ga Baba ya fito da wannan a hannu. Ita kaɗai."

Ya nuna kwalbar da haɓa.

"Ba wata hanya sai ta cikin kasuwa. Ina gaba da amalanke ba komai a ciki, yana baya. Kowa ya san inda muka je. Mahauta suka fara: 'Kuku, ina kaya? Ko suna tafe a jirgi?' Mata suna tafa hannu. Ni dai na sunkuyar da kai, ina roƙon ƙasa ta tsage. Sai Baba ya tsaya a tsakiyar kasuwa ya ɗaga ta sama. Ya ce, 'Ku yi dariyarku. Wannan ta fi kekunanku duka a haɗe. Bature ya san wanda ya ba.' Aka ƙara fashewa da dariya. A gida mamata ta yi kuka har ta ƙi cin abinci. Ƙannena ba su yarda ba, har yau ba su yarda ba. Ni na yarda. Na ce Babana ba wawa ba ne, kuma ba a banza ya yi bauta ba."

Ya ɗago ya dubi Pauline.

"Waɗanda suka yi dariyar duk sun mutu. Ni kaɗai na rage da na ga ranar. Ban taɓa kai ta wurin masana ba, kuna tsammani don me? Amma yanzu wuƙa na jirana, ba sauran jinkiri. To, 'yata. Faɗa mana."

Pauline ta kalle shi. Takardar haɓarsa ta jiƙe da jini, kwat ɗin ta yi masa yawa a kafaɗa. Hannunsa ɗaya yana kan tebur kusa da kwalbar, bai taɓa ta ba. Tsoro ne a idonsa, tsoro tsantsa, irin wanda ba ta gani ba ko ranar da likita ya ambaci tiyata.

Maganar da ta shirya tana nan a bakinta, ba ta manta ko kalma ɗaya ba. Ta nemi inda za ta fara, ta rasa.

"Yaya, ke muke jira," in ji Joel. "Katina zai ƙare."

"Ta kai, Baba," ta ji kanta tana cewa.

"Ta kai gida?"

"Ta fi."

Tsohon ya rufe ido. Ya daɗe a haka, leɓɓansa na motsi. Sannan ya buga sanda a ƙasa, ya yi wata dariya da ta rikiɗe ta zama kuka.

"Da Gyang! Ka ji ko? Ka ji abin da Turawan da kansu suka ce?" Ya share ido da hannun kwat. "Na faɗa musu! Wayyo, da mahautan nan suna da rai!"

Pauline ta zauna kamar an dasa ta. Tana ji, tana gani, ba ta da abin yi. Ta san ko yanzu za ta iya cewa, Baba, tsaya. Ta kuma san ba za ta ce ba.

Ya jawo kwalbar da hannu biyu ya tura gabanta.

"Shi ke nan, magana ta ƙare. Joel, ka ji da kunnenka. Gida naka ne gaba ɗaya, ba mai taɓa maka, ƙannena ma sun huta. Wannan ta Pauline ce. Allah ya yi miki albarka, 'yata. Yau zan yi barci."

"Amin, Baba."

A cikin wayar, Joel bai ce amin ba. Ya kawar da kai gefe, fuskarsa ta ɗaure.

"Wato ta fi gida," ya ce. "To ai Kaka na mu duka ne, Baba. Ni ina nan ina fama da yara, ita tana Amurka, kuma ita ce da babban rabo."

"Na sani, na sani," in ji Baba, murna ta ɗan ragu a fuskarsa. "Na san an ɗan danne ka. Amma ka dubi wahalar da ta sha a kaina. Kada ku sa in shiga tiyata da rigima a bayana, don Allah." Ya juyo ya kama hannun Pauline. "Ke ce babba, kuma ke kika samu mai tsoka. Ba shi haƙuri. Kada ya kwana da ke a ransa."

Pauline ta jawo wayar kusa.

"Ka yi haƙuri, Joel."

Joel ya ja dogon numfashi.

"Shi ke nan, Yaya. Na yafe miki."

"Na gode," ta ce.